Gwaggon Birin da Ya Dawo Min da Bakina

Matso kusa, mai karatu, ka ji wata magana. Yau shekara ashirin ke nan da rasuwar yayana, Yaya Ɗanjuma direba, Allah Ya ji ƙansa. Duk surutun nan da jikokina ke kuka da shi, shi ya dawo min da shi.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba mijina na fari ya rasu a garin Ƙarfi. Na gama takaba, amma bakina bai buɗe ba. Ba na ci sai an matsa, ba na amsa gaisuwa. Inna ta kai ni wajen malamai, ta jiƙa min saiwoyi, duk a banza. Har an fara raɗa cewa yarinyar nan bin mijinta za ta yi.

A lokacin Yaya yana jan motar auduga zuwa Funtuwa. Da kaka ta wuce, wasu ma'aikata suka ɗauke shi haya ya kai su dajin Yankari kallon namun daji. Ya ce da Inna, "Ba ni Asabe ta yi mana girki." Ni da ko kasuwar Malumfashi ban cika zuwa ba! Ya san sarai ba girkin zan iya ba, so yake na bar ɗakin nan.

Muka kafa tanti kusa da wata maɓuɓɓugar ruwan ɗumi. Na ga giwa da 'ya'yanta, na ga ɓauna, na ga gwanki, ban ce uffan ba. Yaya yana ta satar kallona.

Da safe na ajiye ƙwaryar dambu a bakin tanti. Sai ga wani ƙaton gwaggon biri ya zo ya zauna ya zura hannu, kamar shi ya biya sadakina. To ni 'yar manoma ce, da korar birai daga masara na tashi. Ban san lokacin da na ɗauki kwano da muciya ba, ina bugawa ina ihu: "Kai! Ɓarawo! Gonar ubanka ce?"

Mai gadin dajin ya taho a guje. "Haba baiwar Allah! Nan ba a korarsu. Gidansu ne, ke ce baƙuwa."

Na ce, "Baƙuwa ce ke ciyar da mai gida a garinku?"

Yaya ya zube ƙasa yana dariya, hawaye na zuba. Ya ce, "Malam, ƙyale ta, ta zagi dajin gaba ɗaya, ni zan ba da haƙuri." A ranar na cinye abin da birin ya rage.

Yanzu da Yaya zai leƙo, ban san me zai ce ba. Kurmin da yake bi tsakanin Malumfashi da Funtuwa ya zama gonaki, kwanan daji kuma ya zama abin tsoro. Jikokina a waya suke ganin giwa. Ina jin cewa zai yi, giwar waya ba ta sa cinyar mutum rawa.

Bai bar gida mai bene ba, motar ma ta mutane ce. Amma an ce ɗan'uwa rabin jiki, ni kuwa na shaida. Na sake aure, na haifa, na ga jikoki, duk daga wannan tafiya. Abin da ke ci min rai, duk yawan maganata ban taɓa zaunar da shi na ce na gode ba.

Kai fa, wanda ya taɓa fito da kai daga naka ɗakin, yana raye? Ka je ka gaya masa?