Ƙwallon Dabino na Huɗu

Jiya a tashar Gure na sayi dabino, ina tauna na farko sai Kaka ya faɗo mini a rai. Shi ba ya yar da ƙwallon dabino, tarawa yake a gefen tabarma.

Da na zo hutun vakans daga jami'a a Damagaram, ya ce, "Amaryata, ita kimiyyar siyasar nan, me ake koya muku?"

Na ɗauki ƙwallo uku, da sauran danshi a jikinsu, na jera. "Wannan gwamnati, wannan majalisa, wannan kotu. Kowa na sa wa ɗan'uwansa ido."

Ya sunkuya ya daɗe yana kallo, ƙamshin turaren rawanin sarautarsa na dukan hancina. Sannan ya miƙo mini na huɗu.

"To, wannan ni ne. Ina za ki ajiye ni?"

Ba gatse yake ba, so yake ya sani. Na ce ya bari sai na ƙara karatu.

Bai jira ba. Na gama digirin lisans, har yau ina juya tambayar.

Allah Ya ajiye ka wuri mai sanyi, Kaka. Ni ma Ya nuna mini inda zan ajiye irinka.