Wutsiyar Jirginmu Dabarar Ilu Ce

Da safen nan ina shan koko aka bugo min waya daga Wudil, wai Ilu Mai Fito ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kokon yana nan har yanzu, ya huce.

Ajinmu ɗaya a elementare, ƙarshen shekarun 1950, kuma akwai haƙƙinsa a wuyana da nake son saukewa yau.

Malaminmu ya nuna mana hoton jirgi mai saukar ungulu. Ya ce farfelarsa tana danna iska ƙasa, iskar kuma ta ɗaga shi sama. Ni da Ilu muka ce sai mun ƙera namu, da karan dawa da kaba da robar tayar keke. 'Yar farfelar wutsiya kuwa muka bar ta, don ni sarkin sani na ce ado ce kawai.

Muka murɗa roba muka saki. Farfela ta yi dama, gangar jirgi ta yi hagu, ya yi ta katantanwa har ya faɗa kashin shanu.

Ilu ɗan masu fito ne, a kogi ya tashi. Ya ce, "Kai Bala, ba ka taɓa juyawa a tsaye cikin kwalekwale ba? Ka yi dama, shi ya yi hagu. Wutsiyar nan ce ke riƙe shi."

Ya ɗaura dogon kara da faffaɗar kaba a baya ta tare iska. Jirgi ya daina juyi, ya kai tsayin katanga.

Ranar da Bature mai duba makarantu ya zo, kogi ya cika, Ilu yana taya babansa fito. Malam ya sa na nuna jirginmu, aka tambayi wanda ya gano dabarar wutsiya, na ce ni ne. Aka tura ni makarantar Midil a Kano, na zama injiniya. Ilu ya zauna kan ruwa.

Bai taɓa tada maganar ba. Duk shekara ma sai ya aiko min da busasshen kifi.

Bayan ƙaramar sallar da ta wuce na same shi a ƙofar gidansa. Na fara kame-kame, ya katse ni da dariya.

"Injiniya, ai tun ranar na sani. Ni dai faɗa min, ya tashi a gaban Baturen?"

Na ce ya tashi.

"To, alhamdu lillahi. Ci kifinka."

Shi ya yafe, amma ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba. Yau na faɗa: dabarar Ilu ce, ba tawa ba.

Allah ya jiƙanka abokina, ya haskaka makwancinka, ya ba iyalanka haƙuri. Wanda duk ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a, kuma ya kira sunansa a ciki. Ilyasu.