Kawu Mujtaba da Famfon da Ke Juyawa Baya

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran kawuna, Injiniya Mujtaba Sambo, a ƙauyenmu da ke kusa da garin Rusairis, bayan doguwar jinyar ciwon zuciya.

Kawu, ka yi shekaru a ƙasar waje kana aiki a tashar lantarki mai tafki biyu, ɗaya bisa dutse, ɗaya a ƙasa. Ka dawo gida don ka huta, sai yaƙi ya tarar da kai. Wuta ta ɗauke, man janareta ya gagara, 'yan gudun hijira daga birnin Madani suka cika gidajenmu. Ni da nake ungozoma a ɗan asibitin garin, ina ji ina gani allurar tsayar da jinin haihuwa ta lalace a mataccen firiji. Haka muka rasa Dije matar Ladan.

Na zo maka ina kuka. Ka ce, "Ibtisam, tarumbar lambun Alhaji tana nan?" Na ce famfon ban ruwa me zai yi mini?

Ka ce, "Inda na yi aiki, inji guda ne ke aiki biyu. In wuta ta yi yawa, ita ke juya shi, ya tura ruwa sama. In an buƙace ta, a sako ruwan ya bi ta cikinsa, ya juya shi baya, sai ya ba da wuta. Ba duka ke dawowa ba. Namu ko rabi ba zai mayar ba, amma firiji zai tashi."

Ka sa aka haƙa tafki a kan tudun bayan gari. Da rana farantan sola su ɗaga ruwan kogi, da magariba ka buɗe shi ya gangaro. Bututu ya fashe, aka ɗaure, ya sake fashewa. Masu taimako suka gaji suka janye, ban ga laifinsu ba, kowa da yunwar gidansa. Kai ka ci gaba da hawan tudun kana tsayawa kana haki. Na hana ka, ka ce, "To wa zai buɗe?"

Firijin ya tashi. Ranar da wata mata mai suna Sabah ta haihu jini ya ɓalle, allurar tana da sanyinta, ta rayu.

Yanzu injin ya fara wani ƙara da ba wanda ya gane. Ladan ne ke hawa ya buɗe ruwan. Mun gaji, Kawu, ban san ko zai kai damina ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya hutar da kai a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Indo, da 'ya'yanka Ayman da Rayan, waɗanda rufewar hanya ta hana su ganin gawarka. Allah Ya ba mu haƙuri.