Jinjina ga Lovro Mai Jan Fenti

Tun kafin a buɗe wa shanu, Lovro Rekar ya riga ya bar gida. Shekara arba'in da ɗaya ke nan, daga narkewar ƙanƙara zuwa dawowarta, kayansa ba su canza ba: gwangwanin jan fenti, na farin fenti, buroshi biyu, buroshin ƙarfe na kankare dutse, sai burodi da cuku a aljihu. Ya kama hanyar dutsen Triglav. Inda ya ga alama ta koɗe sai ya durƙusa ya kankare, ya zana jan zobe, ya jira ya sha iska, ya ɗiga fari a tsakiya. Wannan zoben masu hawa ke bi daga masauki zuwa masauki. Ba a biyansa, mu kuma da muke ƙauye ɗaya da shi ba mu taɓa ɗaukar aikin a bakin komai ba. Da kunya nake faɗa.

Mu 'yan gindin dutse muna da wata wauta tamu. A wurinmu abin kunya ne a ga ɗan gari yana duba alama, wai ta baƙi ce. Uban masu wannan ra'ayi shi ne Florijan mai kiwon ƙudan zuma, abokin Lovro tun suna kiwon awaki.

"Yau ma kwalliya za a je yi wa duwatsu?" in ji shi kullum. "To, ka gaishe su."

"Za su ji," in ji Lovro, ya wuce.

Bara Zofka, matar Florijan, ta ce za ta hau. Duk wanda aka haifa a Sloveniya yana so ya taka ƙolin Triglav ko sau ɗaya, ita kuwa ta yi shekara sittin da shida tana kallonsa ta tagar kicin. Likita ya gaya mata gaskiya game da gwiwoyinta: in ba ta hau bana ba, ba za ta taɓa hawa ba. Suka zo wurin Lovro da jakarsu a ɗaure.

"Hanyar arewa kwana biyu ce," Lovro ya ce mata, "amma akwai inda za ki rataya jikin waya. Ba taki ba ce. Ki bi ta kwarin tafkuna, masauki uku, kwana huɗu. A kira su yau a kama gado."

Ya zazzage jakar a kan tebur. Ya ware tukunya, ya ware kwalaben zuma uku da Florijan ya cusa don masu masauki, ya ƙara rigar ruwa da safa. Ya juya takalmanta ya ga ko ƙasa ba su taɓa ba, ya ce ta riƙa zuwa tatsa da su har mako uku.

"Hawa na yarda," in ji Florijan. "Amma saukowa ta hanyar awaki za mu bi. Ta rage mata kwana guda. Ido rufe na san ta."

"Rabonka da ita shekara nawa?"

"Dutse tafiya yake yi?"

"Yana yi mana. Zaizaya ta cinye rabinta."

Florijan ya yi dariya ya kwashe zumarsa. Lovro dai ya san mutuminsa. In ya kafe, ko limamin coci ba ya kaɗa shi, kuma Zofka ba za ta bar shi ya sauko shi kaɗai ba.

Akwai ƙa'idar da duk mai fenti ya sani: ba a sa alama a hanyar da ba a amince da ita ba, domin alama alkawari ce ga baƙon da bai san komai ba. Lovro bai taɓa karya ta ba. Kwana uku yana zaune a ƙofar gida ba ya ko cin abincin kirki. A na huɗu ya ɗauki gwangwanayensa. Ya yi kwana shida a hanyar awaki, ya nemo inda za a kewaye zaizayar, ya bi ta da ƙananan zobba a ƙasa-ƙasa, daidai inda idon mai kallon ƙafarta zai faɗa, kuma a fuskar dutsen da mai saukowa kaɗai ke gani. Da ya dawo ya tari Zofka a bakin rijiya.

"In kin ga ja, ki bi. Mijinki kuma ki ƙyale shi da iyawarsa."

Sun hau lafiya. Mai masaukin sama ya shaida cewa da aka yi mata bulala uku da igiya, kamar yadda ake yi wa duk sabon hawa, kuka ta yi da dariya a haɗe. Washegari suka kama hanyar awaki. Da tsakar rana gajimare ya sauko ya rufe su, har mutum ba ya ganin ƙarshen sandarsa. Florijan ya yi gaba inda ya san hanya take, sai ya tsaya cak. Babu ƙasa a gabansa.

"Shekara arba'in da huɗu muna tare," Zofka ta gaya mini, "ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ya ce, Zofka, ban san inda muke ba. Na ce, riƙe jakata ta baya, tsoho."

Ta duƙa ta ga ja a gefen takalminta. Daga nan ta hangi na gaba, daga shi na gaba. Haka ta jawo mijinta har gindin dutse kafin rana ta faɗi.

Da a nan labarin ya ƙare da na ji daɗin ba da shi. Kwana biyu bayan saukowarsu Lovro ya sake hawa, wannan karon da buroshin ƙarfe kaɗai. Kwana tara yana durƙushe a kan dutse mai sanyi yana kankare abin da ya zana, ɗaya bayan ɗaya. Masu saran itace ne suka sauko da shi a kan ƙofar wata rumfa. Gwiwar dama ta tafi, likita ya ce shi da dutse sai kallo.

Florijan yana zuwa kullum ya faskara masa itace, ya zauna wurinsa. Sau ɗaya na ji ya tayar da zancen.

"Da ka bar zobban mana, kai ma."

"Wani baƙo ya gani ya bi? Ita na yi wa, kuma ta sauko."

Lovro, kai ne ka yi shekara arba'in da ɗaya kana yi wa mutanen da ba ka sani ba jagora, ba su ga fuskarka ba balle su gode. Kai ne ka karya ƙa'idarka sau ɗaya saboda rai biyu, ka koma ka biya da ƙafarka ba tare da wani ya ce ka biya ba. Mun yi maka dariya, ba ka rama ba. Ka yafe mana. Mun gode, Allah ya ba ka sauƙi.

Ku kuma masu gwiwa lafiya, gwangwanayen suna nan bayan ƙofarsa, kuma ƙanƙarar bana ta fara narkewa. Wani ya je ya karɓa, ya zauna ya koya tun mai koyarwar yana da bakin faɗa.

Duk wanda ya bi hanyar awaki yau ba zai ga ko ɗigo ɗaya ba. Zofka kuwa tana nan, jiya ma na gan ta tana shanya kayan jikokinta.