Sanyin da Yaya Luba Take Ji a Bazara

Ranar wata Asabar ce a bazarar shekarar da nake aji huɗu, muna kwasar albasa a fadamarmu ta Dandin Mahe. Zafi ya kai har jakinmu ya ƙi fita daga inuwar dogonyaro. A cikin wannan ranar na iske yayata Luba kwance a kan kunya, ta lulluɓe da zane biyu, tana barci tana rawar sanyi. Ni na ruga na faɗa wa Baba. Ya zo da tsumagiya, kuma har yau ina jin ƙarar saukarta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ko gudu ba ta yi ba. Ta tashi a hankali, ta ɗauki kwando.

Kafin wannan shekarar babu mai riga Luba komai a gidanmu. Ita ke fara jan guga, ita ke cinye mu a carafke, a makaranta kuwa ita malamai ke turawa gaban allo. Sai ta fara nauyi. Fuskarta ta kumbura, fatarta ta bushe ko an shafa man gyaɗa, gashinta na bin mataji, muryarta ta dushe. In an tambaye ta abu sai ta daɗe kafin ta amsa. Inna ta ce girma ne. Baba kuwa hukuncinsa ɗaya: "Ba ciwo ba na, lalaci na." Mu yara muka laƙaba mata Kunkuru, kuma ina tsammanin daga bakina sunan ya fara fita.

Da wuyanta ya tasa, aka ce maƙoƙo ne, aka kira wanzami. Ya yi mata tsaga a kan kumburin, ya kafa ƙaho, ya nuna wa Inna baƙin jinin ya ce mugun ya fita. Inna ta saya mata dogon hijabi don kada a gani. Aka rufe wuyan, aka rufe maganar. Baba ya ce in ta sake faɗuwa jarrabawa ta gama boko, tunda barci kawai take zuwa yi. Malamin da ya shekara biyu yana alfahari da ita bai taka ƙafa gidanmu ya tambayi abin da ya canja ba. Ta faɗi. Aka ba ni jakarta da littattafanta.

Sai da na kai jami'a na ga fuskar Luba a littafin darasi. Ashe akwai wata 'yar tsoka a gaban maƙogwaro, mai siffar malam-buɗe-littafi, wadda ke zuba wa jini sinadaran da ke tsara saurin jiki: ɗumi, bugun zuciya, narkar da abinci, har da tunani. Tana buƙatar wani sinadari mai suna aidin daga abinci. In aikinta ya yi ƙasa, komai na jiki sai ya lafa, wani lokaci ita kuma ta kumbura. In ya yi yawa, mutum ya rame, ya yi ta gumi da faɗuwar gaba. Ni ba likita ba ne, kuma ba zan ce na san abin da ya jawo nata ba. Gishirin buhu marar aidin take ci, amma mu ma shi muka ci. Na dai kai ta asibiti a Sakkwato, aka gwada jini, aka ba ta wata 'yar ƙwaya da ba ta kai ƙwayar dawa ba, ta sha kowace safiya.

Cikin watanni muryarta ta dawo, ta daina neman rana. Wata rana muna hanyar Bodinga a kan babur ta ce da ni, "Ashe ba ni ta ba." Nufinta, ba lalacinta ba ne, ciwo ne.

Yanzu akwai gishiri mai aidin a shagunan ƙauyenmu, 'yar Luba ma tana aji shida. Wataƙila bai dace in yi fushi da Baba ba, iya saninsa ke nan. Amma ina yi, da shi, da malamin, da kaina. Lafiya ta dawo wa Luba. Jakar kuwa ni na riƙe ta har ta yage.