Motar da Ba Ta Mutuwa a Gareji

A-kori-kurar babanmu ce, mai shan gas, fara ce a da kafin rana da buhunan taki su ci fentin. Da ya rasu aka zo rabon gado, ni da yayana muka ce a bar mana ita a tsakaninmu, tunda gonakinmu na Gozaki a manne suke. Ni ke tuƙa ta, shi kuma ya fi ni yawan ra'ayi a kanta.

Shekarar da ta ɓullo da wannan hali, kaka ta yi kyau. Masara ta samu, waken suya yana jibge a bakin gona, hadari kuma bai gama janyewa ba. Da safe in na murza makulli bugu ɗaya take tashi, in loda masara in kama hanyar Funtua. Da zarar inji ya yi zafi sosai sai ta ɗauke, ba tari, ba hayaƙi, kamar an hure fitila. In yi ta ba ta kik, tana juyawa ba ta kamawa. Sai in sami inuwa in zauna ina kallon motocin mutane suna wucewa. In ta huce, ta tashi kamar ba ita ba.

Na kai ta wurin bakanikenmu a Malumfashi, dattijo mai gajeren haƙuri wanda tun zamanin Baba yake taɓa ta. Ya tada ta, ya taka totur, ya kasa kunne, ya ce lafiyarta lau. Don kada in tafi haka nan, ya canza filta, ya fitar da iska daga layin mai. Washegari ta mutu kafin Bakori. Da na koma ya ce wuta ce, in je wurin mai riwaya, wato mai gyaran wayoyin mota.

Mai riwaya yana can ƙarshen layin gareji, mutum ne mai yawan magana, kullum da ƙwan fitila ɗaure da waya a wuyansa. Ya goge kan batir, ya zare fis ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce motar gas in ta tashi ba ruwanta da wuta, in koma wurin bakanike ya duba famfon mai. Su biyun ba sa ga-maciji, an ce tun wata rigima kan inuwar rumfa. Sai na zama ɗan aike, kowa yana ba ni baƙar magana in kai wa ɗayan.

Yaya kuwa cewa ya yi gas ɗin da nake saye ne aka gauraya da kananzir. Ya sa aka sauke tanki aka wanke. Aka sami ɗan tabo da wani tsohon tsumma a ciki, ya riƙa yawo da tsumman yana nuna wa mutane a majalisa. Na loda masara, ta sake mutuwa. Daga nan bakanike ya yanke hukunci cewa sai an kwance famfon man gaba ɗaya an kai Kano wurin masu na'urar gwaji.

Tana fake a gareji baki buɗe ruwan bankwana ya sauko. Mun lulluɓe waken suya da tamfol, amma ruwa ya bi ta ƙasa. Da muka yaye, na ƙasan ya yi baƙi, wani har ya fara tsiro. Na tsaya a kansa ina jin warin, na rasa wanda zan yi wa faɗa. Famfo ya dawo daga Kano yana ƙyalli cikin leda, aka ɗaura, na kama hanya, ta ɗauke kusan a inda ta saba.

A gindin bishiyar da na saba zama ina jiran ta huce ne na lura da abin da ya kamata wani a cikinmu ya gani tun farko. Kullum tana sanyi suke duba ta. Na je wurin bakanike na ce, "Malam, ba a nan take mutuwa ba. Ka daure ka shigo mu je inda take ciwon." Na je na faɗa wa mai riwaya haka, ban gaya wa kowa cewa ɗayan zai zo ba. Sai a gaban mota suka haɗu. Kowa ya ƙi ya zama shi ne ya sauka, suka zauna kafaɗa da kafaɗa, ɗaya yana kallon taga, ɗaya yana kallon giya.

Ranar sai motar ta ƙi mutuwa. Muka wuce Bakori tana ta gudu, bakanike ya fara gyaran murya yana kallona. Na juya na sauka kan wata hanyar burji ta wajen Tsiga, na riƙa faɗawa ramuka da gangan. Can sai ta ɗauke. Ban taɓa murnar mutuwar mota ba sai ranar.

Bakanike ya sassauta bututun da ke kai mai kan nozul, ya ce in ba ta kik. Ko ɗigo bai fito ba.

"Mai ba ya zuwa," ya ce, bai kalli kowa ba.

Mai riwaya ya ture shi kaɗan, ya ɗora wayar ƙwansa kan wani ɗan kai da ke saman famfon. Ya ce shi ne ke buɗe wa mai hanya in an murza makulli, in wuta ta yanke kuma ya rufe. Ƙwan bai kama ba. Ya bi siririyar wayar da yatsa har inda ta jingina da jikin inji. Robarta lafiya lau a ido, amma da ya lanƙwasa ta sai ƙwan ya ƙifta. A ciki ta karye. In da sanyi bakin biyu suna haɗe, in roba ta yi laushi da zafi sai girgiza ta raba su. Ya yanke wurin, ya ƙulla sabuwa, ya naɗe. Na murza, ta tashi.

Na ɗauka za a yi shiru a hanyar dawowa. Bakanike ya ce ai tun farko ya faɗa wuta ce. Mai riwaya ya ce wayar a jikin famfon wa take, kuma hannun wa ya cire ta ya mayar ranar da aka kwance famfo. Haka suka yi ta yi a kunnena har Malumfashi, kowa yana neman in ba shi gaskiya. Ban ba kowa ba. Na sauke su a bakin layi, na wuce gona.

Waken mun shanya shi a tsakar gida, mata suka yi ta tsince mai kyau da faifai. Abin da ya rage wani mai kiwon kaji ne daga Mahuta ya zo ya damƙa, ya sansana, ya ce zai ɗauka amma sai in ni zan kai masa har gida.