Baƙuwar da ta zo nemanmu da hoto

Akwai wata ranar kasuwar Makarfi da ba na jin za ta fita daga raina, ko da tsufa ya kwashe sauran abubuwan da na sani.

Lokacin muna zaune a Gazara, ni da maƙwabciyata, wata Kirista 'yar kudancin Kaduna da aikin koyarwa ya kawo mijinta garin. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, sana'armu ma ɗaya: mu saro mazarƙwaila wajen masu matse rake a fadama, mu ɗaure ta a leda mai tsabta. Ita ce mai dogon buri. Ita ta dage sai mun buɗe shafi a intanet don mutanen birni su san da mu.

Wani mai wannan aiki a Zariya ya haɗa mana. Kai, shafin ya ƙayatu! Da ka taɓa sai kiɗa ya tashi, furanni na zubowa, ga manyan kalmomin Turanci, ga hotonmu mun sha kwalliya. Sai dai kafin ya buɗe a wayoyinmu, mutum ya gama dama fura ya sha. Ba mu damu ba, a lokacin gani muke nauyinsa ma daraja ce. Muka sayar da awakinmu, muka cika ɗaki da kaya, muka zauna jiran masu saye.

Shiru kake ji. Rani ya ja baya, hadari ya fara haɗowa. Mazarƙwaila kuwa ba ta shiri da damina, da ta ji raɓa sai ta fara naso. Kullum da safe maƙwabciyata za ta shiga ɗakin ta shafa kayan ta ji ko sun fara naso.

Ran nan da azahar muna tsakar gida sai ga mai acaɓa ya yi sallama, ya ce an zo wajenmu. Wata dattijuwa ce ta shigo, gumi sharkaf, waya a hannunta. Ta dubi wayar, ta dubi fuskokinmu, sannan ta zube kan tabarma.

Bayan an gaisa ta sha ruwa, sai ta ce, "Bayin Allah, kun wahalar da ni. Daga Abuja nake, kantin kayan gargajiya gare ni. Na ga shafinku, na nemi lambar waya babu, sunan gari babu. Na yi ta cusa saƙo a ɗan akwatin nan, ba amsa."

Maƙwabciyata ta ce, "Wane akwati, Hajiya?"

Ashe saƙonnin wani adireshi suke tafiya wanda ba mu ma san da shi ba. Ita dai ta san ƙasar Makarfi ce gidan rake, shi ya sa ta zo kasuwa tana nuna hotonmu rumfa-rumfa, har wani mai rake ya ce, "Ai wannan matar malam ce ta Gazara."

Ta gutsuri mazarƙwailar ta ɗanɗana, ta girgiza kai. "Kaya masu kyau, shago mai kyau, amma kun manta ba ku yi masa ƙofa ba."

Muka yi dariya har da hawaye, maƙwabciyata tana "Mun gode Allah" tana rungume ni. Kafin ruwan farko ya sauka, Hajiya ta saye kayan kaf, ɗakin ya zama fayau. Muka sa aka cire kiɗan da furannin, aka rage nauyin hotuna, aka kafa lambar waya da sunan garinmu a sama, da Hausa da Turanci.

Yanzu maƙwabciyata ta koma garinsu, mijinta ya yi ritaya. Ina kewar muryarta ta bayan katanga.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, shafin kasuwanci ba don mai shi ake yin sa ba. Kafin ka yaba adonsa, riƙe waya kamar kai ne baƙon, ka ga ko za ka iya isowa wurin mai kayan.